Fedar da Aka Ce Mini Ba Ta da Lafiya

A shekarata ta biyu ta koyarwa, a wata ƴar lekol da ke gefen Dumega, na shiga neman feda. Ga wanda bai saba da gita mai aiki da wuta ba, feda wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi sabulun wanki girma ba, ana ajiye shi a ƙasa tsakanin gita da ampili, wato akwatin da ke ƙara mata murya. In ka taka, sai muryar gitar ta sauya. Iri-iri ne, amma ni guda nake so: mai distorsiyo mai ƙarfi, wadda ke sa murya ta yi kauri, ta dushe, ta riƙa gurnani irin na kiɗan metal.

Kiɗan nan a Doso ya same ni, lokacin da nake karatun zama malami. Wani da muke ɗaki ɗaya ya cika mini katin waya da waƙoƙi, na share kusan duka, na bar huɗu. Ban san abin da mawaƙan ke faɗi ba, har yau ma ban damu in sani ba. Gitar ce ta kama ni. Akwai inda makaɗin ke danne tsirkiya da gefen tafin hannunsa, sautin ya riƙa fitowa gajere-gajere da nauyi, kamar mata uku na lugude a turmi ɗaya. Nakan maimaita wurin nan sau goma, ina jin abin yana duka na a ƙirji.

Wanda ya koya mini riƙe gita ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, ya girme ni da shekara shida. Yana da shago a bakin kwalta a Dogon Dutsi, yana gyaran rediyo da waya, yana ba da hayar lasifika, ranar biki kuma shi da abokansa uku su yi kiɗan gita irin na Agadas. Tun ina ƙarami bawansa yake kira na. Ya sha ɗauke mini takalmi a ƙofar masallaci, ni kuma na sha cinye masa nama a kwano yana kallo, babu wanda ya taɓa yin fushi. Da na zama malami ya ƙara mini suna, Mushe, wato malam a bakin ƴan lekol, yana jan sa yadda ƴan aji ke yi. Gitar da nake da ita ma shi ya tsinto mini, wuyanta a karkace, ya zauna kwana uku ya miƙe shi, ya sake liƙa wayoyin cikinta.

Kiɗan da nake so kuwa injin niƙa yake ce masa. In na kunna a shagonsa sai ya leƙa waje ya yi kamar yana kiran mata su kawo niƙa. Amma kunne gare shi. Yana zaune mota za ta wuce da kiɗa, ya ce maka lasifikarta ta hagu ta yage, in ka bi ka duba haka ne. Ni da nake shakkar kunnena, da nasa nake dogara a kan komai.

Da yake ba ni da feda, nakan murɗa ɗan ampilina har ƙarshe ko zai yi gurnani. Abin da yake ba ni sai ƙara kamar ana yaga leda. Ranakun Asabar in na shigo gari, inda rezon waya ke da ƙarfi, nakan zauna in kalli yadda mutanen wasu ƙasashe ke gwada feda, in rubuta abin da na fahimta a bayan littafin da nake shirya darasi. Na gane ba yawan ƙara ake nema ba. Ana duba ko babbar tsirkiya na tsayawa cak in an danne ta, ko kuwa tana bajewa. Ana kaɗa tsirkiya uku tare a saurara ko kowace na nan da muryarta. Ana neman mai maɓallin daidaita muryar tsakiya, don in babu shi gita ɓacewa take da zarar ganga ta shigo. Sannan a cire hannu a ji irin hucin da fedar ke yi ita kaɗai, saboda gen, wato ƙarfin da take ninka sauti da shi, ba ya zaɓe: yadda yake ninka kiɗa haka yake ninka duk wani dattin wuta. Wannan na ƙarshe ya fi damu na, don gitata mai arha ce, ko ba feda tana ƴar ziza. Na cika shafi huɗu da irin waɗannan, alhali ko sau ɗaya ban taɓa taka feda ba.

Wata ranar Alhamis, cikin zafin bazara, ya kira ni ina tsakiyar aji. Wani Alhaji mai sayar da tsofaffin kayan Turai a kasuwa ya sauke kaya daga Kwatano, kuma a cikin wani kwali, tsakanin dutsen guga da injin markaɗe, an tarar da feda uku. Alhajin ya ɗauka na keken ɗinki ne, har ya ba wani tela ya gwada, telan ya maido ya ce babu inda suka shiga. Taubashina ya ce ya hana a sayar, in zo Asabar da gitata. Don gaskiya zan faɗi wannan: ranar da ya kira ni, da zuciya ɗaya ya kira. Bai riga ya ji muryarsu ba.

Asabar da sassafe na naɗe gitar a zanen gado, na ɗaure ampili a bayan babur, na kamo hanya. Alhajin ya yarda mu tafi da su shagon taubashina mu gwada, mu kawo amsa kafin la'asar. Ɗaya koriya ce, ɗaya ja, ɗaya baƙa. Baƙar ta fi su nauyi, fentinta ya goge a inda ake takawa, maɓallanta biyar, ɗaya ya rasa hularsa sai tsuran ƙarfe. Irin pil ɗin, wato batirin da suke ci, mai kusurwa huɗun nan, guda muka samu, shi ma daga cikin na'urarsa ta awon wuta ya ciro shi.

Muka fara da koriyar. Tana da daɗi, tana sa murya ta ɗan yi tsatsa, amma ko an murɗa ta har ƙarshe ba ta kai inda nake so. Jar ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, har tsikar jikina ta tashi da na fara takawa. Sai dai da na kaɗa tsirkiya uku tare sai suka dame kamar kunu, in na danne babbar kuma sautin ba ya yankewa inda na yanke shi, sai ya ja jela. Maɓalli uku gare ta, babu na tsakiya.

Sannan muka sa wa baƙar pil. Na danne tsirkiya na buga sau huɗu, na tsaya. Abin nan ne. Shi ne wanda na yi shekara uku ina ji a cikin waya, ga shi yana fita daga ɗan ampilina da ke ɗaure da igiyar roba. Kowane bugu na tashi ya faɗi a inda na sa shi. Na cire hannu, sai ɗan huci kamar numfashin mai barci. Ƴan kabu-kabu da ke inuwar bedi a tsallaken titi suka waiwayo, mai shayi ya tsaya da buta a hannu.

Taubashina ya miƙo hannu ya ce in ba shi. Ya rage gen ɗin zuwa rabi, ya ɗan murɗa na tsakiya, ya kaɗa ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen da yake yi a biki. Muryar ta miƙe ta ƙi mutuwa, tana jan kuka kamar goge. Ya kai minti biyu yana kaɗawa, idonsa a kan fedar, bai yi wasa ko ɗaya ba, shi da bakinsa ba ya hutawa. Na ga fuskarsa sarai. Na ɗauka murna yake taya ni.

Ya ajiye gitar ya ce saura gwajin gaskiya. Wannan pil ba a sayar da shi a Dumega, feda mai ƙarfi kuma shanye pil take kamar ruwa, dole da taransifo mai jona ta da wuta zan riƙa aiki, don haka a gwada ta da wuta. Maganar ta yi daidai da abin da ke cikin littafina. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani taransifo ya jona. Tun ban taɓa tsirkiya ba shagon ya cika da ziza kamar an fasa amya. Na kaɗa, kiɗan na nan a ƙarƙashi, amma zizar ta hau kansa. Ya girgiza kai. Ya kwance bayan fedar, ya ɗauko gilashin da yake duba cikin waya da shi, ya daɗe yana dubawa, ya kai ta hanci ya shinshina. Ya nuna mini wani ɗan abu da bakin sukudireba ya ce ya kumbura, ta sha ruwa a tashar jirgi, ba za ta ga ƙarshen damina ba, kuma irin abin ko a Yamai ba a samun sa. Na leƙa ban ga kumburi ba, amma me na sani a cikin feda?

Aka kira azahar na tafi masallaci, shi ya ce yana tafe. Da na dawo ya riga ya jona jar da wuta, tana zaune shiru abinta. Na ce a sake sa wa baƙar pil in ƙara ji ko sau ɗaya. Ya ɗora pil ɗin a harshe ya ce ya mutu, ita ta shanye shi, in ga abin da yake faɗa mini. Na ce to zan ɗauke ta haka nan in jure zizar, ko wata shida ta yi mini ya isa.

Ya dafa kafaɗata. "Mushe, ba ni barin ka ka kwashi gawa ka kai gida. In ta mutu, wa za a ce ya zaɓa maka? Ɗauki jar ga, lahiyatta lau."

Na ɗauki jar. Ya ce in bi ta kasuwa in sallami Alhaji a kanta in kama hanya tun da rana, sauran biyun shi zai mayar.

Wata biyar na yi ina koya wa kaina son jar. Na gano in na rage gen ɗinta na ƙara ƙarfin hannu, damewar na raguwa. Na matsar da tafin hannuna kusa da gindin tsirkiya don jelar ta gajarta. In an tashi daga lekol nakan rufe ɗaki, in jona ampili da batirin sola, in yi ta bugu har a kira magariba. Matar direkte, shugaban lekol ɗinmu, ta ce kajinta sun daina ƙwai a gefen ɗakina. Da na zo gida hutun damina da kayan, Inna ta ce in bar abin nan kafin in kira mana wanda ba mu iya sallama, don ita kusa da Lugu, garin bori, ta girma, ta san abin da kiɗa ke kirawa. Damina ba lokacin biki ba ne, saboda haka duk hutun ban ga taubashina da gita ba. Wani lokaci baƙar takan faɗo mini a rai, bugu huɗun nan, sai in ce wa kaina Allah ne ya tsare ni, da yanzu ta mutu. Har na sayi ƙwan zabi cike da ƙwarya wurin Fulani na kai masa shago, na ce na gode da ya hana ni wauta. Ya karɓa, ya ce bawa mai hankali ke nan, ya sa mai shayi ya soya mana shida muka ci tare.

Bayan an yanke gero an koma aji, wani abokin aikina ya yi aure a Tibiri. Muka tafi mu huɗu a kan babur biyu. Ban san wa aka ɗauko ya yi kiɗa ba sai da muka isa na hango lasifikan taubashina. Na yi murna ma. Na zauna a baya cikin malamai, na ce sai an tashi in je in tsokane shi.

Bayan la'asar aka tada injin wuta suka fara. Waƙar farko da ta biyu yadda na saba jin su. A ta uku, da aka zo inda yake sakin gita ita kaɗai, na ga ya miƙa ƙafa bayan lasifika ya taka wani abu. Muryar ta miƙe. Samari suka cika fili, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa kofin da ke hannuna na ajiye a ƙasa. Minti biyu kawai na taɓa jin muryar nan a rayuwata, amma ko a tsakiyar kasuwa zan gane ta. Kuma babu ziza. A kan injin wuta, wanda wutarsa ta fi ta gari datti, babu ziza ko kaɗan.

Na tashi na zagaya ta bayan rumfa kamar mai neman ruwa. Tana nan a kan wani ɗan katako, fentinta a goge. Maɓallin da ya rasa hula an sa masa farar hular rediyo. Ya ɗago kai muka haɗa ido, hannunsa ko tuntuɓe bai yi ba. Ya matso bakin makirufo ya ce wa jama'a ga bawansa Mushe ya zo gaishe da ubangidansa, a ba shi fili. Aka yi dariya, aka tura ni tsakiya. Na ɗaga hannu na taka sau uku ko huɗu, don in na tsaya ƙiƙam angon zan kunyata. Kafin su gama na ce wa abokan tafiyata kaina na ciwo, na je bakin hanya na jira su.

Mako guda na yi ina nema masa uzuri. Na ce wataƙila daga baya ya samo abin da ya kumbura ya canza, ya ji nauyin gaya mini. Wataƙila Alhaji ne ya rasa mai saye ya ba shi. Asabar na shiga kasuwa na je wurin Alhajin kamar ina neman dutsen guga, muka gaisa, na tambaye shi ko an sayi sauran abubuwan nan. Ya nuna mini koriyar a kan kanta. Ya ce baƙar ai ba ta dawo ba, ɗan'uwana ya riƙe ta tun ranar, ko la'asar ba a yi ba ya zo suka gama magana. Shi yadda aka gaya masa, shiryawa muka yi tsakaninmu, ni ja shi baƙa.

Daga nan shagon na nufa. Na tarar yana liƙa waya a cikin wata rediyo, hayaƙin dalma na tashi. Ban zauna ba. Ban taɓa kiran sa Yaya ba in ba a gaban Kawu ba, amma ranar na kira shi. Na ce, "Yaya, mi ya kumbura cikin fedar can?"

Ya yi dariya har ya ajiye abin liƙin. Ya ce babu abin da ya kumbura. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko taransifon nan ya jefo mini, na cafe. Ya ce na wata tsohuwar rediyo ne, ko me aka jona da shi sai ya yi ziza. Pil ɗin ma bai mutu ba, yana cikin na'urarsa har yanzu. Yana faɗa yana kallon fuskata, yana jira in fashe da dariya in ce ya ci wannan, in yi masa alkawarin ramuwa kamar yadda muka saba. Ya ce wasan taubasai ne, ko na manta?

Da ya ga ban yi dariya ba sai muryarsa ta sauka. "Kai wa kaka yi ma kiɗi? Bangon ɗaki da kajin direkte. Ni gaban jama'a nika tsayawa. Abin ga ya hi dacewa da sawuna, kai ma ka sani."

Na ce da ya tambaye ni, da na ba shi duk ranar da yake da biki.

"Na sani," in ji shi. "Aro za ka ba ni. Ni ko ba aro nika so ba."

Ya koma kan rediyonsa. Na tsaya da taransifon a hannu na rasa inda zan ajiye shi, daga baya na ɗora shi a bakin tebur na fita.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da a gabana ya ɗauke ta ya ruga, ya ce bawa ba ya riƙe abin da ya fi na ubangidansa, da na bi shi mun yi kokawa a bakin titi, ƙarshenta mu raba kwana. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne gilashin nan da ya sa a ido, da shinshinawar, da yadda ya girgiza kai cikin tausayi. Da fuskar da yake gaya wa tsohuwa rediyonta ba ta gyaruwa ya yi mini, fuskar aikinsa, wadda ban taɓa ganin ya yi wasa da ita ba. Ga ƙwan zabin, ya zauna ya ci godiyata da burodi. Kuma ya sa na ƙaryata kunnena a rana ɗaya tak da kunnen ya gaya mini gaskiya ba da taimakon kowa ba.

Na yi kuskuren gaya wa Inna. Da farko dariya ta yi, ta ce ɗan wanta ke nan, tun yana goye haka yake. Da ta ga fuskata sai ta ce ba a fushi da taubashi, kuma ba za ta yarda a ji mu a kan ɗan ƙarfe ba. Amma ta kai maganar gidan Kawu. Washegari Lahadi Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure a kan tabarma, ga matarsa a bakin ƙofa, ga Inna, ga taubashina a tsugune. Kawu mutum ne mai gaskiya. Bai san mece ce feda ba, amma ya fahimci an yi ƙarya, ya ce a kawo abin. Taubashina ya fito da ita daga aljihun riga, ya ajiye a kan tabarma, ya turo ta gabana da yatsa biyu. Yana murmushi ya ce ga ta, a share hawaye, shi bai san bawansa ya iya kai ƙara ba.

Kowa ya yi ƴar dariya, har Kawu, don an samu mafita. Na dubi fedar, tana dab da gwiwata. Na san in na ɗauka, har in mutu ni ne malamin lekol da ya tara manya a kan abin wasa, ya karɓe kayan sana'ar ɗan'uwansa. Shi ma ya san haka tun kafin ya sa hannu a aljihu. Na ce wa Kawu ya yi haƙuri, ni ban ce a karɓo mini komai ba, na bar masa. Kawu ya sa mini albarka ya ce haka ake so. Matarsa ta kawo fura. Taubashina ya mayar da fedar aljihu, kuma muna fita ya ce mini a hankali, ba da wasa ba, in ina so in riƙa zuwa shago ina kaɗawa. Na bi Inna muka tafi gida. Ban haƙurin da na samu daga gare shi ke nan, har yau ba a ƙara ba.

Shekara biyu bayan haka aka tura ni taron horo a Yamai. Ranar da aka sallame mu na nemi wani shagon kayan kiɗa, na shiga da gitata, da pil biyu sababbi da taransifo nawa a jaka. Na gwada feda shida. Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya fara ba ni shawara, na ce ya bari in ji da kaina. Na sa ya kashe fanka. Na gwada kowace da pil, na gwada da wuta, na koma ta farko. In ya yabi wata sai in ji ta fita raina, ko da ita ce kunnena ya zaɓa. Sai da ya fara shigar da kayan waje na ɗauki ɗaya. Tana da kyau, wataƙila ma ta fi baƙar murya, ita nake takawa har yanzu. Ban taɓa kai ta shagon bakin kwalta ba. Rediyona ma in ta lalace can ƙarshen kasuwa nake kai ta, wurin wani da bai iya gyara sosai ba.

Muna haɗuwa, dole. Bara da aka yi sunan ɗiyata ya zo tun da safe da lasifika biyu, ya ɗaura su da kansa a jikin katanga. Da aka raɗa suna ya tashi a gaban mutane ya ce ɗiyar bawa baiwa ce, kowa ya shaida tasa ce. Na ce wanda ya yi sammako ya zo cin tuwon gidan wani ai shi ne bawa. Mutane suka yi dariya, Inna ta fi kowa, tana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Amsoshin duk na iya su, kuma a kan lokaci nake ba da su. Da rana ta yi ya kwance kayansa, na riƙe masa lasifika ɗaya ya ɗaure a babur. Ya tambaye ni jikin mai jego, na ce da sauƙi. Ya tafi, ni kuma na koma ciki na taya su naɗe tabarmi.